Ranakun da Nake Raka Yaya Katsina

Yayana mai walda ne. Shagonsa na nan Daura, bakin titin da ya nufi Mai'adua, rumfar kwano ce da wani ɗan ɗaki a baya inda yake kulle inji da janareto. Ƙofofi da tagogin gidaje da dama a unguwarmu aikin hannunsa ne. Shi ne babba a ɗakinmu, ni ne auta. Lokacin da mahaifinmu ya rasu ina firamare, shi kuwa bai daɗe da barin wajen maigidansa ya buɗe nasa shagon ba. Shi ya riƙe mu, shi ya tsaya mini na yi karatu har na zama malamin makaranta, shi ya yi mini aure. Ban taɓa zama a kujera yana kan tabarma ba, kuma idan yana yi mini magana ƙasa nake kallo. Haka na tashi, haka na girma.

Abin ya faro ne daga faɗuwa. Yana ɗaura tankin ruwa a saman wani gida ƙafarsa ta zame, ya faɗo da ƙugu a kan tarin bulo. Aka kai shi wajen mai ɗori, aka gyara abin da zai gyaru, ya yi watanni a kwance. Ƙashi ya haɗe, amma ciwon baya ya ƙi tafiya. Wani abokin sana'arsa da ya zo dubiya ya kawo masa tramol daga kemis, ya ce masu dako a kasuwa da shi suke wuni suna aiki. Yaya ya sha, ya ji dama, ya miƙe ya koma shago. Duk gidan muka yi hamdala. Babu wanda ya sake tambayar maganin.

An daɗe kafin in lura da wani abu, kuma ko da na lura ban san sunan da zan ba shi ba. Ya rame. Abinci ya rage ci. Wani lokaci kana gaishe shi sai ka ga idonsa ya lumshe a tsakiyar amsawa, can kuma ya farka ya ci gaba daga inda ya tsaya. Wata rana ka same shi da surutu kamar ba shi ba, wata rana ko sallama da ƙyar. Masu kawo aiki suka fara ƙorafi, wannan ya ce ƙofarsa ba ta rufuwa daidai, wancan ya ce an yi masa alkawari an saɓa. Ni dai na ɗora komai a kan faɗuwar nan.

Wata rana da hantsi ina aji, mai faci da ke maƙwabtaka da shagon ya buga mini waya ya ce in zo yanzu. Na tarar da mutane sun yi da'ira. Yaya na kwance a ƙasa cikin ɓurɓushin ƙarfe, ya ciji harshensa, jini da kumfa a gefen bakinsa. Suka ce yana tsaye kawai ya yanke jiki ya faɗi yana jijjiga. Allah Ya sa injin ba ya hannunsa. Nan take aka yanke cewa iska ce. Aka kira malami ya yi ruƙiyya, Inna, mahaifiyarmu, ta nemo rubutu da hayaƙi. Bayan 'yan makonni ya sake faɗuwa, wannan karon a gida, sai na ce a kai shi asibiti.

A can ne wata nas ta ja ni gefe ta tambaye ni me yake sha. Na ce shayi, da goro jefi-jefi. Ta ce ba wannan take nufi ba. Raina ya ɓaci, na ce mata wannan mutumin ko sigari bai taɓa sawa a baki ba. Ba ta yi musu da ni ba, ta ce in je gida in tambaya.

Na je na sami matarsa a tsakar gida tana wanki. Ban san ta yadda zan fara ba, sai na faɗa mata abin da nas ta ce. Ta daɗe hannunta na cikin ruwan kumfa ba ta ɗago ba. Sannan ta ce ta jima tana tsintar fankon katin ƙwayar tramol a aljihunsa, da ɗaya-ɗaya ne, yanzu kuwa ta daina dubawa, zubarwa kawai take yi kada yara su gani. Na ce me ya sa ba ta taɓa faɗa ba.

Ta ce, "Wa zan gaya wa? Kai da ba ka iya kallon idonsa, ko Inna?"

 Na tsaya ina kallon rigunansa a kan igiya.

Da magana ta fita a dangi, baffanmu, ƙanin mahaifinmu, ya ce shi ya san maganin irin wannan, a kai shi gidan mari a ɗaure shi har abin ya fita daga jininsa. Inna ta ce muddin tana numfashi ba za a sa masa sarƙa ba. Likitan da ya duba shi kuwa ya ce akwai wani sashe a Katsina inda ake kwantar da masu shaye-shaye, a cire musu abin a hankali, sannan a riƙa zama da su ana ba su shawara. Muka amince da wannan. Saura wanda zai gaya wa Yaya.

Inna ba ta taɓa faɗin sunansa ba, saboda kunyar ɗan fari. Idan tana son wani abu daga gare shi ni take aika, ta ce in gaya wa wancan. Ban taɓa ganin sun zauna su biyu suna hira ba. Ran nan bayan sallar azahar ta sa na kira shi ɗakinta. Ya durƙusa a bakin ƙofa, ni ina bayansa. Ta juya fuskarta wajen bango, ta ce, "Ban taɓa roƙonka komai ba. Ka bi ƙaninka Katsina."

 Ya ce, "To, Inna."

Kwanakin farko a asibitin ba na son tuna su. Ina zuwa duk lokacin da na sami wanda zai riƙe mini aji. Na ga Yaya yana zufa a cikin bargo, yana hamma ba ƙaƙƙautawa, hawaye da majina na zuba ba don kuka yake ba. Gudawa ta kama shi. Ƙafafunsa ba sa tsayawa wuri ɗaya, ya ce kamar tururuwa ke yawo a cikin ƙashinsa. Ma'aikatan suna ba shi abin da za su ba shi, sukan ce zai wuce. Wata rana na sunkuya ina gyara masa matashi ya kama wuyan hannuna, ya ce a hankali, don kada na gadon kusa ya ji, in taimaka masa da ko guda ɗaya, akwai kemis a bakin titi, ba wanda zai sani. Ya kira ni da sunan da yake kirana ina yaro. A rayuwata bai taɓa neman abu a wajena na hana ba, domin ma bai taɓa nema ba. Na ce masa zan je in dawo. Na fita na zauna a ƙarƙashin wata darbejiya har lokacin dubiya ya ƙare, na hau mota na koma Daura. Da na dawo wani zuwan bai tayar da maganar ba, ni ma ban tayar ba.

Da aka sallame shi na ɗauka an gama. Sai aka ce mana yanzu ne ma aka fara, zai riƙa dawowa duk mako wajen mai ba da shawara. Malama ake ce mata. Ba likita ba ce mai allura ko rubuta magani, halayyar ɗan Adam ta karanta, aikinta ta zauna da mutum su yi magana. A shekaru ba za ta girme ni ba. Ɗakinta ƙarami ne, kujeru da tebur da fanka mai ƙara. Ni a benci nake zama a waje, tare da wasu irina, iyaye mata da yawa, kowa ya riƙe ledarsa yana kallon ƙasa. Ba ma tambayar juna wa ka kawo.

Mukan fito da sassafe, in ɗauke shi a babur zuwa tasha, mu jira bas ta cika, mu bi ta Mashi. A zuwa ba ya magana. A dawowa ta farko, mun wuce Mashi kenan, ya ce wai an ɗauko shi tun daga Daura don yarinya ta tambaye shi yadda ya kwana. Ya ce zaman surutu ne kawai, da maganin baya suka ba shi da ya fi. Na ce haka ne, Yaya. Mako na zagayowa na je ƙofar gidansa da babur, na zaci zai ce ba shi zuwa, sai ga shi ya fito da hularsa.

Daga baya Malama ta gaya mini cewa zaman farko da na biyu gaisuwa kawai ta samu daga gare shi. Ba ta matsa masa ba. A hankali ya fara amsa mata. Ta tambaye shi wane lokaci ne abin ya fi taso masa, ya ce da safe idan ya sunkuya zai ɗaga ƙarfen farko, sai kuma da rana tsaka idan aiki ya tsaya. Ta tambaye shi a ina yake saye, ya ce wajen wani mai tebur kusa da mai shayin da yake karyawa. Suka shirya ya canza hanyar zuwa shago, ya riƙa karyawa a gida. Ta haɗa shi da masu gashin ƙashi suka koya masa yadda zai motsa bayan, likita ya ba shi wani maganin ciwo da ba ya kama mutum. Ta ce masa sha'awar nan idan ta taso ba ta dawwama, takan hau ta kai ƙarshe ta sauko, abin da ake so ya sami abin yi har ta sauko: ya yi alwala, ya taka zuwa wani wuri, ko ya kira wani a waya.

Ban san ya ɗauki wannan shawarar ta ƙarshe ba sai ranar da wayata ta yi ƙara ina tsakiyar darasi. Na ga shi ne. Na ɗauka, ya ce, "Kana aji?"

Na ce e.

Ya ce, "To ci gaba. Kada ka kashe."

Na ajiye wayar a kan tebur na ci gaba da koya wa 'yan aji huɗu sassan tsiro, saiwa da kara da ganye da fure, yaran suna maimaitawa da ƙarfi. Lokaci-lokaci ina leƙa wayar in ga har yanzu yana kan layi. Kafin a buga ƙararrawa na duba na ga ya kashe. Da yamma na je gaishe shi, ya amsa kamar kullum, ya tambaye ni iyali. Ya sake yin haka sau da dama a watannin nan. Ban taɓa sanin ko yana sauraro ba ne, ko kuwa wayar na aljihunsa kawai.

Akwai kuma zaman da ake haɗa su da yawa a babban ɗaki, kowa ya faɗi abin da ke damunsa. Malama ta so ya shiga, ya shiga sau ɗaya. Yawancinsu samari ne, sa'o'in 'ya'yan cikinsa. Ashe a cikinsu akwai ɗan Daura, ɗan wani mutum da Yaya ya taɓa yi wa ƙofar gida. Saurayin na ganinsa ya taso ya durƙusa ya gaishe shi, sannan ya ce, "Baba, kai ma?" Ba da raini ya faɗa ba, mamaki ne ya kama shi. Yaya ya zauna har aka tashi bai buɗe baki ba. A mota ya ce mini ko za a yanka shi ba zai sake shiga ɗakin nan ba. Malama ta yi ta lallashi, ta ce jin na wasu yana rage wa mutum nauyin nasa. Ya ce shi ƙara masa ya yi. Ta ƙyale shi.

Wata rana ta ce mu zo da matarsa, za ta zauna da mu uku. Na so in noƙe, na ce ni ƙane ne, bai kamata in ji sirrin gidansa ba. Ta ce ai tuni ina ciki. Muka zauna, Yaya a tsakiya. Ta tambayi matarsa yadda gida yake. Da fari ta ce lafiya lau. Da aka ɗan jima sai ta fara faɗa: ta ce ba ta barci sosai, kullum tana laluben aljihunsa idan ya shiga wanka, tana shinshina numfashinsa ko da ta san ƙwaya ba ta da wari, idan ya yi dariya da yawa hankalinta ya tashi, idan ya yi shiru ma haka. Ta ce ta taɓa ɗauko Alƙur'ani ta ce ya dafa ya rantse ya daina, ya dafa, kuma tun ranar take tsoron abin da ta jawo masa idan ya karya.

Malama ta ce ta daina laluben aljihu, ta daina sa shi rantsuwa. Ni kuma ta ce in daina zuwa shago ina ba masu aiki haƙuri a madadinsa, in daina cewa zazzaɓi ne ya kwantar da shi. Ban san ta san ina yin haka ba, ashe shi ya gaya mata. Ta ce duk wannan gadi ne, kuma gadi ba ya hana wanda ya yi niyya, gajiyar da mu kawai zai yi, shi kuma ya koya masa ɓoyewa. Na ce to me za mu yi.

Ta ce, "Ku zauna kusa da shi. Idan ya nemi taimako ya same ku. Barin ƙwayar kuwa, shi kaɗai zai iya yi."

Na ji kamar an karɓe ɗan abin da ke hannuna. Ni da na zo a ba ni aiki, sai aka ce wanda nake yi ma in ajiye.

A zaman nan ne Yaya ya yi maganar da ban taɓa jin irinta a bakinsa ba. Malama ta tambaye shi ko bayan na ciwo har yanzu. Ya ce yana yi, amma ba kamar da ba, kuma gaskiya ba don bayan yake sha ba tun da daɗewa. Ya ce tun ranar da aka binne mahaifinmu bai taɓa wuni a zaune ba sai da ya faɗo daga saman gidan nan. Watannin da ya yi a kwance, ana ɗaga shi ana kwantarwa, ana kawo masa tasa, yana jin ƙaninsa na sauke buhun hatsi a zaure, ya ce a nan wani abu ya karye wanda mai ɗori bai gani ba. Ranar da ya fara shan ƙwayar ya ji ya koma mutumin da ya sani. Yanzu kuwa da babu ita, yakan tashi da safe ya ji ranar ta yi masa tsawo tun bai fara ta ba.

Yana maganar yana kallon fanka. Matarsa na kuka ba sauti. Ni kuwa buhun hatsin nan na tuna, yadda na ɗauko shi ina murna yau ga ni na yi wa Yaya wani abu. 

Daminar shekarar ta yi mana kyau. Ya koma gonar da muka gada ya shuka gero da wake, abin da ya daɗe bai yi da kansa ba. Ya murmure, wuyansa ya cika. Zuwa Katsina ya koma wata-wata. Inna ta fara aika masa fura da rana kamar da. Har baffa ya zo ya ce ashe surutun ma magani ne. Na fara sakin jiki. Nakan wuce ta shagon in ji ƙarar inji, in ƙara wuta in wuce ina jin daɗi.

Bayan an yi girbi wani ɗan kwangila ya kawo masa babban aiki, ƙofofi da tagogin wani dogon gini, kuma yana son su cikin gaggawa. Aiki irin wannan ya daɗe bai shigo shagon ba. Na ce masa ko zai raba da wani, ya dube ni, na bar maganar. Ya shiga aikin ba ji ba gani, tun fitowar rana har magariba. Ya gama a kan lokaci, aikin ya yi kyau. Ranar da zai koma wajen Malama ta zo, ya ce ya gaji, a bari sai wani makon. Wani makon ya ce yana da aiki. Wayar da yake bugo mini a aji ta tsaya.

A muryarsa na fara ganewa. Na je gaishe shi ya riƙe ni da hira mai tsawo, yana ba ni labarin yadda zai faɗaɗa shago ya sayo sabon inji daga Kano, yana maimaita magana ɗaya. Matarsa ta kawo ruwa, muka haɗa ido, ta kawar da kai.

Bayan 'yan kwanaki ina dawowa daga makaranta na bi ta wajen mai shayin nan. Yana tsaye a gaban mai tebur, ya ba titi baya, amma ko a cikin taron Idi zan gane bayansa. Na tsayar da babur. Ya juyo, hannunsa a dunƙule, ya gan ni. Bai ɓoye hannun ba, bai kuma buɗe shi ba. Na sauka na gaishe shi kamar yadda na saba, don ban san wani abin da zan yi ba. Ya amsa. Sannan ya ce, "Je ka gida."

Na tsaya kaɗan.  Ya sake cewa in je gida, a hankali, ba faɗa. Na hau babur na tafi.

Ranar da aka ba shi ta gaba na shiga mota ni kaɗai. Malama ta leƙo ta ga benci babu shi, ta ce in shigo. Na zauna a kujerarsa na gaya mata komai. Ba ta nuna mamaki ba. Ta ce komawa irin wannan tana faruwa da mutane da yawa, ba ta share abin da ya koya, kuma wanda ya taɓa yin watanni babu ƙwaya ya san hanyar. Ta gargaɗe ni cewa yanzu jikinsa ba zai ɗauki abin da yake ɗauka da ba, idan ya faɗi ko numfashinsa ya canza kada a tsaya neman hayaƙi, a kai shi asibiti. Na ce ko za ta kira shi, tunda yana jin maganarta. Ta ce za ta kira, ta gaya masa ƙofa a buɗe take kuma babu wanda zai yi masa faɗa, amma ba za ta iya zuwa Daura ta ɗauko shi ba, ko ta ɗauko shi ma ba zai zauna ba. Na tambaye ta, a cikin waɗanda suke zama a kujerar nan, masu warkewa sun fi yawa ko marasa warkewa. Ta ce ba za ta ba ni lissafi ba, domin ba zai gaya mini komai game da yayana ba. Sannan ta tambaye ni ni yaya nake, ina cin abinci, ina barci. Tun da aka fara wannan abu babu wanda ya yi mini wannan tambayar. Na buɗe baki zan ce lafiya lau, sai na kasa. Ta bar ni na zauna har na natsu.

Abin da ya biyo baya ba shi da tsari da zan iya bayarwa. Ya sake faɗuwa, aka kwantar da shi, ya fito, ya yi wata da watanni lafiya, ya koma. Matarsa ta kwashe yara ta tafi gidansu a Mai'adua, ta yi kwanaki, ta dawo da kanta, ta ce can ma ba barci take ba. Manyan ayyuka suka daina zuwa shagon, sai gyaran amalanke da ƙafar kujera. Inna ta tsufa a cikin shekarun nan fiye da yadda ta tsufa a duk rayuwarta. Ba ta sake kiransa ɗakinta ba. Idan na shiga gaishe ta takan ce, "Ka ga wancan yau?" In ce na gan shi. Ba ta tambayar yadda na gan shi.

Kwanan baya, ranar da babu makaranta, ina wanke babur a ƙofar gida sai ga shi a ƙafa, da wankakkun kaya. Ya ce Malama ta ce tana nan yau, ko zan raka shi. Na bar bokitin a wurin. Muka je tasha, muka sami bas saura mutum kaɗan ta cika, muka zauna, shi a jikin taga. Zufa na tsattsafo masa duk da safiya ce. Can ya ce bari ya kama ruwa, ya sauka, ya bi ta bayan rumfunan masu sayar da kaya. Na san abin da ake sayarwa a bayan rumfunan nan, na kuma san bayan gida ma can yake.

Mota ta cika. Ɗan kamasho ya leƙo ya ce ina mai wurin nan, na ce yana zuwa. Direba ya tayar da inji. Wata mata a baya ta fara mita cewa rana na yi. Na ɗora hannuna a kan kujerar ina kallon lungun da ya shiga, ina tunanin ko in bi shi, in na bi shi kuma in ce me. Ɗan kamasho ya sake dawowa ya ce akwai mai son wurin, na ce a ƙara mana haƙuri kaɗan.

Sai ga shi ya fito, fuskarsa da hannayensa a jiƙe. Ya shigo, na matsa masa ya wuce jikin taga, aka ja ƙofa. Ban dubi idonsa ba, ban kuma tambaye shi komai ba. Motar ta fita daga tasha ta hau titin Katsina. Ya jingina kansa da gilashi, ni kuma na riƙe ƙarfen kujerar gabana.